Idan dosiye ya ƙi buɗewa yadda aka saba a kwamfuta: dalilai da hanyoyin gyara

A ofisoshin gwamnati, da shagunan buga takardu, da ɗakunan malamai a makarantu, yawancin aikin kwamfuta daga wuri ɗaya yake farawa: a danna dosiye, ya buɗe, a ɗauki fayil ɗin da ake nema. Ranar da wannan ya ƙi yiwuwa, aiki ya tsaya. Wani dosiyen yakan buɗe sabuwar taga duk lokacin da aka taɓa shi, wani ya ƙi motsi, wani kuma a tarar ya rikiɗe ya zama gajeriyar hanya mai ɗan kibiya a gindi. A irin wannan hali mutane da yawa kan yi gaggawar share kwamfutar baki ɗaya ko su wanke kilen USB, su rasa sakamakon jarrabawar ɗalibai ko kundin kammala karatu, alhali matsalar ba ta wuce gyaran minti biyar ba.

Wannan bayani ya fi mayar da hankali kan Windows, kuma an kawo sunayen wurare kamar yadda suke a kwamfutar da aka saita da Faransanci, wadda aka fi samu a Nijar da Chadi da arewacin Kamaru. A kwamfutar da ke Ingilishi wuraren ɗaya ne, sunayen ne kawai suka bambanta.

Mene ne ke buɗe dosiye?

Dosiye, wanda a Najeriya aka fi kira folda, ma'ajiya ce da ake tara fayiloli a ciki. Manhajar da ke nuna shi a Windows ita ce «Explorateur de fichiers», kuma sunanta a cikin na'ura explorer.exe. Ta fito ne tare da Windows 95 a shekarar 1995, aka sauya mata suna zuwa wanda take da shi yanzu a Windows 8 a 2012. Wannan manhaja ba dosiyoyi kaɗai take riƙe da su ba, ita ce kuma ke nuna fuskar kwamfuta da layin da ke ƙasan allo. Shi ya sa idan ta cije, sai a ga kamar dukkan kwamfutar ce ta mutu.

Idan aka danna dosiye sau biyu, abubuwa huɗu ne ke aiki a jere. Linzami da allon rubutu su aika saƙo. Explorateur ya duba zaɓin da mai kwamfuta ya yi a cikin saituna. Windows ta duba rajistarta don ta ga umarnin da aka ɗora wa dosiyoyi. Daga nan a karanto abin da ke kan faifan ajiya ko kan kile. Matsala na iya fitowa daga kowane ɗaya cikin huɗun nan, kuma hanya mafi aminci ita ce a bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

A fara da linzami da allon rubutu

Kafin a taɓa wani saiti, ya kamata a tabbatar kayan hannu lafiya suke. A Windows, riƙe maɓallin Ctrl yayin danna dosiye sau biyu yana buɗe shi a sabuwar taga. Riƙe Alt kuma yana fito da tagar «Propriétés» maimakon dosiyen. Ke nan idan ɗaya daga cikin maɓallan nan ya maƙale, kwamfuta za ta ɗauka ana riƙe da shi ne. A lokacin hunturu, ƙura kan shiga ƙarƙashin maɓallai ta haddasa hakan. Sai a latsa Ctrl da Alt da Maj na dama da na hagu sau da yawa, a kife allon rubutun a kakkaɓe, ko a jona wani a gwada.

Akwai kuma tsarin «Touches rémanentes», wanda aka yi domin masu wahalar riƙe maɓalli biyu a lokaci ɗaya. Latsa Maj sau biyar a jere yana tambayar ko a kunna shi, kuma yara masu wasa da kwamfuta kan amsa ba tare da sun sani ba. Idan yana kunne, maɓallin Ctrl kan ci gaba da aiki bayan an ɗaga yatsa. Ana kashe shi a sashen saukaka amfani na saitunan allon rubutu.

Shi ma linzami yana tsufa. Idan maɓallinsa na hagu ya gaji, dannawa ɗaya kan zama biyu, sai dosiye ya buɗe alhali zaɓarsa kawai aka so yi. Wani lokaci kuma akasin haka ake samu: an danna sau biyu, amma kwamfuta ta ƙirga su a matsayin dannawa ɗaɗɗaya, sai ta ba da damar sauya sunan dosiyen maimakon buɗe shi. Wannan alama ce ta an tsananta saurin dannawa biyu. A «Panneau de configuration», a shiga «Souris», a rage saurin. Akwai ɗan hoton dosiye a gefe da ake gwadawa da shi har a dace.

Kowane dosiye na buɗe sabuwar taga

Wannan ita ce ƙorafin da aka fi yi. Mutum ya shiga dosiye biyar, ya tarar da taga biyar a jibge a kan allo. Ba lalacewa ba ce a mafi yawan lokuta, zaɓi ne da ke cikin Windows tun asali. A Windows 95 ma haka dosiyoyi suke buɗewa tun daga masana'anta.

Hanyar da ke aiki a kowace Windows ita ce a latsa maɓallin Windows tare da R, a rubuta control folders, a latsa «Entrée». Ana kuma iya isa wurin ta cikin Explorateur: a Windows 7 ta «Organiser», a Windows 10 ta «Affichage» sannan «Options», a Windows 11 kuma ta ɗigo ukun da ke saman taga. A shafin «Général», ƙarƙashin «Parcourir les dossiers», akwai zaɓi biyu. Na sama yana buɗe dukkan dosiyoyi a taga ɗaya, na ƙasa yana ba kowane dosiye tagarsa. A zaɓi na sama, a danna «Appliquer».

Idan an riga an zaɓi na sama amma tagogi na ci gaba da yawaita, a danna «Paramètres par défaut» a wannan shafi, sannan a sake kunna Explorateur. Ana yin haka ta latsa Ctrl da Maj da Échap tare don buɗe «Gestionnaire des tâches», a nemo «Explorateur Windows», a danna shi da maɓallin dama, a zaɓi «Redémarrer». Layin ƙasan allo zai ɓace na ɗan lokaci ya dawo, kuma ba abin da zai goge. A Windows 7 babu wannan maɓalli, don haka sai a tsayar da explorer.exe, a je «Fichier», a buɗe sabon aiki, a sake rubuta explorer.exe.

A Windows 7 akwai wani sanannen dalili na daban. Wasu ƙananan fayiloli biyu da Explorateur ke dogaro da su kan fita daga rajista, musamman bayan an girka ko an cire wata manhaja. Ana mayar da su ta buɗe «Invite de commandes» da ikon mai gudanarwa, wato a danna ta da maɓallin dama a zaɓi «Exécuter en tant qu'administrateur», sannan a rubuta waɗannan layuka biyu, kowanne a latsa «Entrée» a bayansa:

regsvr32 "%SystemRoot%\System32\actxprxy.dll"

regsvr32 "%ProgramFiles%\Internet Explorer\ieproxy.dll"

Daga nan a kashe kwamfutar a sake kunnawa. A allon rubutu na Faransanci, ana samun alamar \ ta latsa AltGr tare da maɓallin 8.

Masu Windows 11 su lura cewa tun ƙarshen 2022 Explorateur ya samu shafuka a cikin taga ɗaya, irin na manhajar shiga intanet. Danna dosiye da ɗan gargaren tsakiyar linzami yana buɗe shi a sabon shafi. Ctrl da T na buɗe shafi, Ctrl da W na rufe shi.

Dosiye na buɗewa da dannawa ɗaya

Idan sunayen dosiyoyi suka fara fitowa da layi a ƙarƙashinsu, kibiyar linzami ta koma siffar hannu, kuma taɓawa ɗaya ta isa ta buɗe su, to an kunna tsarin dannawa ɗaya. Gyaran yana wannan shafi na «Général», a sashe na biyu. Zaɓin ƙasa shi ne ke mayar da dannawa biyu. Wasu tsofaffi da masu ciwon hannu sun fi jin daɗin dannawa ɗaya, saboda haka a kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita, gara kowa ya samu nasa asusun shiga, tun da wannan zaɓi na asusun mutum ɗaya ne kawai.

A saman shafin akwai kuma wurin zaɓar inda Explorateur zai fara buɗewa. A Windows 10 da ta fito a 2015, yana farawa ne da «Accès rapide», wanda ke nuna fayilolin da aka taɓa kwanan nan. Wanda ya fi son ganin faifan ajiya da kile kai tsaye sai ya zaɓi «Ce PC». Wannan na da amfani a ofis, inda ba kowa ya kamata ya ga sunan takardar da aka buɗe jiya ba.

An danna dosiye, wani abu daban ya fito

Wani lokaci maimakon dosiye ya buɗe, sai tagar bincike ta fito, ko baƙar tagar umarni, ko wata manhajar sauraron waƙa ko ta matse fayiloli. Abin da ya faru shi ne umarnin farko da Windows ke bi a kan dosiyoyi ya sauya a rajista. Idan matsalar ta fara ne bayan girka wata manhaja, a fara cire ta a gani. Idan bai yi ba, a gwada «Restauration du système», wadda ke mayar da saituna zuwa wata ranar baya ba tare da taɓa takardun mutum ba.

Gyaran hannu yana buƙatar natsuwa, domin kuskure a rajista na iya hana Windows tashi. A latsa Windows da R, a rubuta regedit. A bi hanyar HKEY_CLASSES_ROOT\Directory\shell. Kafin a sauya komai, a danna shell da maɓallin dama, a zaɓi «Exporter», a ajiye kwafi. A ɓangaren dama akwai layin «(par défaut)». Abin da ya kamata ya kasance a cikinsa shi ne kalmar none. Idan aka ga wata kalma daban, a danna layin sau biyu a rubuta none. Idan faifan ajiya ne ke wannan hali, haka za a duba a HKEY_CLASSES_ROOT\Drive\shell. Wanda bai saba da rajista ba, gara ya kai wa mai gyara, ya kuma gaya masa ainihin wannan wuri, don kada a ce masa sai an sake zuba Windows.

Dosiyoyin kile sun koma gajeriyar hanya

Wannan ita ce matsalar da ta fi jawo asara a wuraren da kile ɗaya ke yawo daga shagon buga takardu zuwa ofis zuwa gida. An jona kile, sai a ga kowane dosiye da ɗan kibiya a gefensa, girmansa bai wuce kilobait ɗaya ko biyu ba. Aikin ƙwayar cutar kwamfuta ne. Ba ta goge dosiyoyin ba. Ɓoye su ta yi, ta ajiye gajerun hanyoyi masu sunansu a madadinsu. Duk wanda ya danna ɗaya daga ciki ya tayar da cutar a kwamfutarsa, kuma sau da yawa dosiyen na gaskiya zai buɗe a sabuwar taga don kada ya yi zargin komai. Saboda haka kilen da dosiyoyinsa kaɗai ke buɗe sabuwar taga, alhali na cikin kwamfuta lafiya suke, abin tuhuma ne.

Mataki na farko, kada a danna komai a ciki, kada kuma a wanke kilen. A danna shi da maɓallin dama a «Ce PC», a duba «Propriétés». Idan ya nuna wurin da aka cika yana nan yadda yake, fayilolin na nan. Mataki na biyu, a bincike kilen da kwamfutar duka da manhajar rigakafi wadda aka sabunta. Windows 10 da 11 suna zuwa da Microsoft Defender a cikinsu. Idan ba a tsabtace kwamfutar ba, za ta sake harbar kilen nan take. Mataki na uku, a lura da harafin da Windows ta ba kilen, misali E, a buɗe «Invite de commandes» a rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Wannan umarni yana cire alamar ɓoyewa daga dukkan fayiloli da dosiyoyin da ke kan kilen. Idan harafin ba E ba ne, a sa wanda ya dace, a kuma tabbatar ba a rubuta C ba, domin nan Windows take zaune. Bayan ya gama, dosiyoyin za su bayyana. Wasu nau'o'in cutar kan tattara komai cikin wani dosiye marar suna, don haka a duba shi ma. A kwashe takardun zuwa wuri mai tsabta, sannan a wanke kilen.

Akwai ƴar'uwar wannan cuta da ke sanya hoton dosiye a kan manhaja. A ido dosiye ne, amma sunansa na ƙarewa da .exe. Windows kan ɓoye wannan wutsiya ta suna, shi ya sa ba a ganewa. A shafin «Affichage» na saitunan dosiye, a cire alamar da ke gaban «Masquer les extensions des fichiers dont le type est connu». Dosiye na gaskiya ba ya ɗauke da .exe, kuma idan aka duba layin nau'i za a ga an rubuta «Dossier de fichiers», ba «Application» ko «Raccourci» ba. A tsofaffin kwamfutoci masu Windows XP, idan danna faifai ko kile ya fito da tagar «Ouvrir avec», galibi wani ɓoyayyen fayil ne mai suna autorun.inf da cuta ta bari. Goge shi yana gyara lamarin.

Dosiye na jan ƙafa ko yana daskarar da taga

Dosiyen «Téléchargements» ya fi kowane fama da wannan. An buɗe shi, koren layi na tafiya a hankali a saman taga, fayiloli sun ƙi fitowa. Dalili shi ne Windows kan yi hasashen irin kayan da ke cikin dosiye, idan ta ɗauka na hotuna ne ko na bidiyo, sai ta tsaya karanta kowane fayil don ta zana ɗan hotonsa. A danna dosiyen da maɓallin dama, a shiga «Propriétés», sannan «Personnaliser», a wurin «Optimiser ce dossier pour» a zaɓi «Éléments généraux». A kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi, sanya alama a gaban «Toujours afficher des icônes, jamais des miniatures» yana rage nauyi ƙwarai. Bidiyo ɗaya da bai gama sauka ba ya isa ya daskarar da taga, kuma wannan zaɓi na ba da damar shiga a goge shi.

Idan Explorateur na rufewa da kansa, musamman lokacin danna maɓallin dama, a zargi manhajojin da ke cusa sunansu cikin wannan jeri. A tayar da kwamfutar a «mode sans échec». Idan can komai lafiya, wata manhaja ce da aka girka, sai a cire na baya-bayan nan ɗaya bayan ɗaya. Idan har can matsalar na nan, a rubuta sfc /scannow a «Invite de commandes» da ikon mai gudanarwa. Umarnin na duba fayilolin Windows ya maye gurbin waɗanda suka lalace.

Ga wanda dosiyoyinsa ke manta tsarin da ya ba su, yau manyan hotuna gobe jerin suna, sai ya tsara dosiye ɗaya yadda yake so, ya je shafin «Affichage» ya danna «Appliquer aux dossiers». Maɓallin «Réinitialiser les dossiers» da ke kusa da shi yana mayar da komai yadda yake tun farko.

Saƙonnin da ba a wasa da su

«Accès refusé» yawanci batun izini ne. Yakan faru idan an ciro faifai daga wata kwamfuta aka jona a wata. Mai ikon gudanarwa na iya karɓar mallakar dosiyen ta shafin «Sécurité». Saƙon da ke cewa sunan fayil ya yi tsawo kuma yana da nasaba da iyakar haruffa 260 da Explorateur ke amfani da ita ga cikakkiyar hanyar fayil. Gajarta sunayen dosiyoyin da ke sama da shi ya wadatar.

Amma idan Windows ta ce dosiye ya lalace ba ya karantuwa, ko ta nemi a wanke faifai kafin a yi amfani da shi, to tsarin ajiyar ne ya samu rauni. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu, ko fizge kile ba tare da an sallame shi ba, su ne manyan dalilai. Kada a amsa tayin wankewa. Idan akwai abin da ke buɗewa, a fara kwashe shi. Sannan a gwada chkdsk E: /f, da harafin da ya dace. Idan kuwa faifan na ƙara ko yana ɓacewa yana dawowa, a kashe kwamfutar a kai wa masani, domin ci gaba da matsa masa na iya ƙarasa shi.

A Linux da Mac

A Ubuntu da sauran masu amfani da GNOME, manhajar ita ce «Fichiers», wadda aka sani da Nautilus, kuma zaɓin dannawa ɗaya ko biyu na cikin «Préférences». Idan wata manhaja ta ƙwace buɗe dosiyoyi, wannan umarni na mayar da shi:

xdg-mime default org.gnome.Nautilus.desktop inode/directory

A KDE, dannawa ɗaya ce tsarin asali na shekaru masu yawa, sai a Plasma 6 da ta fito a 2024 aka koma dannawa biyu. A Mac kuwa, Finder kan buɗe kowane dosiye a sabuwar taga idan an ɓoye layin kayan aikin da ke saman taga. Latsa Option da Commande da T tare yana dawo da shi.

Rigakafi

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutocin da ke ɗauke da su na ci gaba da aiki, amma sun fi fuskantar haɗarin cuta, don haka suna buƙatar ƙarin kula da kilen da ake jona musu. Ya kamata a bar wutsiyar sunayen fayiloli a bayyane, a bincike kowane kile da ya dawo daga waje kafin a buɗe, a riƙa sallamar sa kafin a zare, a kuma haɗa kwamfutar tebur da ondilar inda wuta ke yawan ɗaukewa. Takardu masu muhimmanci kuwa a ajiye su wuri biyu, ɗaya daga ciki a kan abin da ba ya fita daga ofis ko gida.